IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, akwai wata magana da na ke so in kawo a wannan fili, gama ta shafe mu duka, mu da aikinmu shi ne riƙon 'ya'yan mutane. A makarantun firamare na ƙasar Bosso, tun daga Tudun Fulani har Maikunkele da Beji, al'ada ce a jera yara da safe a duba su. A kan duba farce, a duba gashi, a duba tufafi, wanda ya zo da ƙazanta a ce ya je ya wanko. Amma baki, inda abinci ke shiga, magana ke fita, ba safai a kan ce yaro ya buɗe a gani ba. Ga shi kuwa da an kaɗa ƙararrawar tara sai yaran nan su yi dafifi a bakin ƙofa, kowa ya juye kuɗin tararsa a faifan mai alewa. A ganina wannan sakaci ne babba, kuma gyaransa ya fi kusa da hannun malami bisa ga hannun likita. Bari in faɗi dalilina.

'Yan gida ne, ba baƙi ba

Mutanenmu sun ce tsutsa ke cin haƙori. Ba su kaɗai suka yi wannan zato ba, Turawa da mutanen Sin ma sun yi shi shekaru aru-aru. Tsutsa dai babu ita, amma zaton bai yi nisa da gaskiya ba, don lalle akwai masu rai a wurin. A cikin 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya duba ta da madubin ƙara girma wanda ya ƙera da hannunsa, sai ya ga waɗansu ƙananan halittu suna ta iyo a ciki. Su ne a ke kira bakteriya, mu kuwa mu kan ce ƙwayoyin cuta. Yanzu masana sun ƙidaya irinsu wajen 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam.

To, ga inda sunan nan na ƙwayoyin cuta ya ke ruɗa mu. Ba mai ciwo kaɗai ke da su ba. Mai lafiyayyen baki ma yana ɗauke da su, tun yana jariri har ya tsufa, kuma mafi yawansu ba su yi masa kome sai alheri. Su kan tare wuri, har muguwar ƙwaya ta zo daga waje ta rasa masauki. Waɗansu kuma su kan fitar da abin da ke kashe tsami, kamar yadda uwargida ta kan jefa kanwa a miya. Har waɗanda a ke zargi da cin haƙori da ɓata dasashi, sau da yawa a kan same su 'yan kaɗan a bakin da ba shi da ciwon kome.

Ashe ke nan tambayar da ta kamata ita ce, me ya sa ƙwaya guda ta kan zauna lafiya a bakin wannan yaro, ta zama annoba a bakin wancan? Amsar da masana suka samu ita ce, halin ƙwaya yana bin abincin da ta samu da irin wurin da ta sami kanta. Ɗan manomi ba zai sha wuyar gane wannan ba. Irin ciyawa yana kwance a kowace gona, amma wace ciyawa ce za ta yi ƙarfi, wannan ya danganta ga ƙasar da ruwan da kuma yadda mai gona ya ke kula. Abu uku ne ke juya 'yan gidan nan su zama maƙiya, watau sukari, da jini, da yunwar yaro. Zan ɗauke su ɗaya-ɗaya.

Na fari, sukari

Tun a cikin 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai aiki a Berlin, Willoughby Miller, ya nuna ƙwayoyin baki su kan ci abinci mai zaƙi ko mai gari su fitar da tsami, tsamin nan kuwa shi ke narkar da haƙori. A cikin 1924 wani likita a London, Kilian Clarke, ya ware wata ƙwaya daga ramin ruɓaɓɓen haƙori ya raɗa mata suna Sitireptokokus mutans. Ni zan kira ta Mai-son-zaƙi. Wannan ƙwaya tana da dabara biyu. In ta sami farin sukari irin na shayi, sai ta ci rabi ta fitar da tsami, da sauran kuma ta saƙa wani abu mai danƙo ta manne kanta da 'yan'uwanta a jikin haƙori, yadda yawu ba zai wanke su ba. Dabara ta biyu, in ta saba zama cikin tsami kaɗan-kaɗan, sai ta koyi jure mai ƙarfi, ta ci gaba da aikinta a inda sauran ƙwayoyi su ke mutuwa.

Masana suna da ma'aunin tsami, wanda masu karatun kimiyya suka sani da pH. Ruwa mai kyau yana kan 7, yawu ma yana nan kusa. Gwargwadon yadda lamba ta yi ƙasa, gwargwadon ƙarfin tsami. In ta sauka wajen 5.5, farin ɓawon haƙori, wanda ya fi kowane ƙashi na jiki tauri, sai ya soma narkewa. A cikin 1944 Robert Stephan a Amurka ya buga awon da ya yi a kan dauɗar haƙoran mutane bayan sun kurkure baki da ruwan sukari. Cikin 'yan mintoci kaɗan lamba ta kan faɗi, sa'an nan yawu ya kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya komar da ita inda ta ke. Cikin wannan hutu ne yawu ke mayar wa haƙori abin da tsami ya ɗebe.

Yanzu mu yi ɗan lissafi irin na aji huɗu. Yaro ya sayi alewa goma. In ya shanye su gaba ɗaya bayan ya ci abinci, haƙoransa za su zauna cikin tsami kamar sa'a guda, su huta. In kuwa ya zuba su a aljihu, yana jefa ɗaya a baki kowane rabin sa'a, to, sa'a biyar ke nan haƙoran suna jiƙe cikin tsami ba hutu. Alewa goma ce nan, goma ce can, amma ɓarnar ba ɗaya ba ce.

An ga haka a jikin mutane. Daga 1945 zuwa 1953, a asibitin masu taɓin hankali na Vipeholm a ƙasar Suwidin, aka gwada abinci iri-iri a kan majinyata 436. Waɗanda aka ƙara wa sukari a lokacin cin abinci, haƙoransu ba su ɓaci sosai ba. Waɗanda aka ba alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, waɗansu har guda 24 a yini, nasu suka ruɓe ƙwarai. Wannan gwaji zalunci ne, gama ba a nemi yardar bayin Allahn nan ba, kuma yau ba mai barin a yi irinsa. Amma abin da ya nuna ya tabbata. Har wa yau, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da sukari ya yi wuya a Norwe da Japan, ruɓewar haƙoran yara ta ragu, da aka gama yaƙi sukari ya komo, ita ma ta komo.

Gwajin da ya fi kama hankalina shi ne na Philip Marsh da abokan aikinsa a Ingila, a cikin 1989. Suka haɗa iri tara na ƙwayoyin baki a tulun gilashi guda, suna zuba musu sukari sau ɗaya kowace rana har kwana goma. A karo na fari, da tsami ya taso sai na'ura ta kashe shi, ma'auni ya tsaya a kan 7. Masu cin haƙori suka zauna 'yan tsiraru yadda su ke. A karo na biyu aka bar tsami ya yi yadda ya ga dama. Kafin kwana goman nan su cika, masu cin haƙori sun fi rabin jama'ar tulun, na kirki kuwa sun ragu ƙwarai. Ku duba fa, ba a shigo da wata sabuwar ƙwaya ba. Zaman wurin ne ya sake, sai mulki ya koma hannun miyagu.

Kakanninmu ba su san sukari ba sai jefi-jefi. Yau kuwa har nomansa a ke yi a jiharmu, tun da aka buɗe masana'antar sukari ta Sunti a ƙasar Mokwa a cikin 2018. A cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali goma sha biyu, in ya tsaya a shida ma ya fi. Kwalbar lemon zaƙi guda mai santilita 35 tana ɗauke da wajen cokali tara. Hukumar ta kuma ce, a rahotonta na 2022, yara miliyan 514 a duniya suna da ruɓewa a haƙoransu na nono.

Na biyu, jini

Akwai wata ƙwaya kuma da ba ruwanta da sukari, sunanta Forfiromonas jinjibalis. Ita ba ta son iska, sai ta ɓuya a lungun da ke tsakanin haƙori da dasashi. Abincinta ruwan jiki ne da sinadarin ƙarfe da ke cikin jini. Muddin dasashi yana da lafiya, yunwa ta ke ji, ba ta da ƙarfin yin kome.

A cikin 1986 masana a Ingila suka yi renon wannan ƙwaya kashi-kashi, wani kashi suka ƙoshar da shi da sinadarin nan na jini, wani suka ba shi ƙanƙane. Da aka yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin da suka ƙoshi, duka suka mutu. Waɗanda aka yi wa allurar masu jin yunwa kuwa, da yawansu suka tsira. Ƙwaya iri ɗaya ce, abinci ne ya bambanta dafinta.

To, wa ke kai mata jinin? Dauɗar haƙori ce. A cikin 1965 Harald Löe a ƙasar Denmak ya sa mutane goma sha biyu masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙori. Tsakanin kwana 10 da 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma ga gogewa, cikin kamar mako guda ya warke. Watau in dauɗa ta taru a gindin haƙori, dasashi ya kan kumbura ya soma tsattsafar da ruwa da jini. Jinin ya ciyar da ƙwaya, ƙwaya ta yi ƙarfi ta ƙara cin dasashi, dasashi ya ƙara jini. Haka abin ke ta zagayawa shekara da shekaru, har ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, haƙori mai kyau wanda ba shi da rami ya soma girgiɗi ya faɗi. Mu kan ce tsufa ne, alhali sau da yawa dauɗa ce.

A nan ne mutane da yawa su ke kuskure. Mutum ya sa aswaki ko buroshi ya ga jini, sai ya tsorata ya daina taɓa wurin. Wannan kuwa shi ne abin da ƙwayar ke so. Wurin da ke jini shi ya fi bukatar gogewa, a hankali, kullum, har jinin ya tsaya. In ya ƙi tsayawa bayan mako biyu, sai a tafi asibiti.

Na uku, yunwa

Wannan shi ne mafi muni, kuma a ƙasarmu ta Arewa ya ke. Akwai cuta da likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba ne, kalmar Girkanci ce mai ma'anar cinyewa. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida. Ta kan soma da ɗan gyambo a dasashi, da jini, da warin baki mai tsanani. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, sa'an nan naman ya yi baƙi ya ruɓe, har ya ɓule. Cikin mako biyu tana iya cin leɓe da kumatu da hanci da ƙashin muƙamuƙi. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a cikin 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma in ba a yi magani ba tara cikin goma su kan mutu. Waɗanda suka rayu kuwa su kan tashi da fuska a ɓace, ci da magana su yi musu wuya, a riƙa ɓoye su a ɗaka.

An daɗe a na neman ƙwayar da ke jawo ta. Waɗansu masana daga Suwizalan suka yi shekaru suna bincike a ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, suka gwama yara 82 masu cutar da yara 327 marasa ita, suka buga abin da suka samu a cikin 2013. Ba su sami wata ƙwaya guda da za a ce ita ce mai laifi ba. Abin da suka samu shi ne tsumburewa da rama don rashin abinci, da ciwo na kwanan nan irin gudawa ko na ƙirji, da uwa mai yawan haihuwa, da kuma birkicewar jama'ar ƙwayoyin baki, waɗansu sun ragu, waɗansu sun yi yawa fiye da ƙima. Likitoci sun kuma daɗe da lura cutar ta kan biyo bayan ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Wuta-wuta ce, wadda ba ta cin ƙarfin dawa sai a gonar da ta gaji.

Tarihi ma ya shaida. Da can akwai noma a ƙasashen Turai. Da abinci da tsabta suka wadata sai ta ɓace tun ba a sami magungunan kashe ƙwayoyi ba. Ba ta sake bayyana da yawa ba sai a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A nan gida, an kafa asibitin yara masu noma a Sakkwato a cikin 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga taimaka masa. Nijeriya ce ta ja gaban ƙasashen da suka kai kuka, har a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi wa sakaci. Aikin gyaran fuska yana da tsada da wuya, a kan yi wa yaro fiɗa sau da yawa. Amma a matakin fari, lokacin da abin bai wuce dasashi ba, maganin kashe ƙwayoyi daga hannun ma'aikacin asibiti, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Tsakanin wannan da wancan, 'yan kwanaki ne kawai, da kuma idon wanda ya san abin da ya gani.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce, malami ba likita ba ne. Gaskiya ne, ban kuwa ce ya cire haƙori ko ya rubuta magani ba. Amma likitocin haƙori kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Yaron ƙauyen Garatu ya kan gama firamare bai taɓa zama gaban ko ɗaya ba. Malami kuwa yana ganinsa kwana biyar a mako. In an ce yaran da noma ke kamawa yawanci ba su isa shiga aji ɗaya ba, sai in ce, suna ajin share fage, suna kuma goye a bayan yayyensu da iyayensu mata, kuma a ƙauye malamin makaranta yana cikin waɗanda a kan fara tambaya in abu ya ɗaure kai.

Wani zai ce, kakanninmu sun sha rake da mazarƙwaila da zuma, suka mutu da haƙoransu. Rake ma sukari ne, wanda ya wuni yana shansa kullum ba zai tsira ba. Amma su suna samunsa ne lokaci-lokaci, ba ya kuma manne wa haƙori kamar alewar madara, aswaki kuwa ba ya rabuwa da bakinsu. Yaron yau ya karya da shayi mai cokali huɗu, ya sha minti a hanya, ya ci biskit da tara, ya sha zoɓo mai zaƙi da an tashi, ya kwanta da cingam a baki. Da dare kuwa yawu ya kan ragu, ba mai wanke tsamin sai gari ya waye.

Wani kuma zai ce, to, a sha kafso mana a kashe ƙwayoyin duka a huta. Wannan shi ne ƙona gona don a kashe ciyawa. Maganin ya kan kashe na kirki tare da miyagu, har farin ƙurajen baki su sami wurin fitowa, sauran ƙwayoyin da suka tsira kuma su koyi jure maganin. Kafso ba ya cike rami, ƙanumfari ma zafi kawai ya ke kwantarwa. Muddin abincin ƙwaya yana nan, za ta komo.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta masu talla. Yawancinsu mata ne da ke ciyar da 'ya'yansu da ribar faifan nan, ban kuwa yarda a kore su ba. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma haraji ba ya kai wa ga faifan da ke bakin ƙofar makaranta. Abin da ke kai wa can shi ne shawara tsakanin hedimasta da iyayen yara da su masu tallan.

Abin da na ke roƙo

Na fari, a sa duban baki cikin duban safe, ko da sau ɗaya a mako. Malami ba ya bukatar taɓa yaro, ya dai ce ya buɗe baki a wurin da ke da haske. Ya duba baƙin ɗigo ko rami, da dasashi mai jini, da kumburin kumatu, da wari wanda ya wuce na rashin wanke baki. Ya lura da turamen nan huɗu da ke fitowa can ciki in yaro ya kai wajen shekara shida. Iyaye su kan zaci na nono ne za su fita, alhali na dindindin ne, su ne kuma suka fi saurin ruɓewa. Wanda aka ga yana da rami a rubuta wa mahaifinsa takarda ya kai shi wurin likitan haƙori a Minna. Ramammen yaro mai gyambon dasashi da wari da kumburi kuwa, asibiti a ranar, ba gobe ba. Kada a yi wa kowa bulala ko dariya a kan bakinsa, gama yaron da aka kunyata ba zai sake buɗewa ba.

Na biyu, a zauna da masu talla a daidaita. Gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwai, da awara, da ƙosai, da gasasshiyar masara, da dafaffiyar doya wadda Allah ya wadata ƙasar nan da ita, duk suna da riba, suna kuma riƙe cikin yaro har a tashi. Su ne kuma abincin da ke gina jikin da ke yaƙi da ƙwaya. Alewa ba a hana ta sam, amma a koya wa yaro ya sha tasa gaba ɗaya bayan ya ci abinci, ya kurkure baki da ruwa. Sabo da haka a ajiye randa ko bokiti mai murfi a kowane aji.

Na uku, mu daina ba da alewa kyauta ga wanda ya ci lissafi. Fensir ya fi ta daɗewa, ba ya kuma koya wa yaro cewa zaƙi shi ne ladan ƙoƙari.

Na huɗu, a koya gogewa da hannu, ba da baki kawai ba, safe da kuma dare kafin barci. Mai hali ya sayi buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfin jure tsami. Wanda ba shi da hali, aswakin dogon yaro yana nan kyauta, in dai an bi da shi kowane lungu har gindin haƙori.

Na biyar ya shafi kwalejinmu. Ina roƙon hukuma ta sa wannan cikin abin da a ke dubawa in ɗalibi ya fita gwajin koyarwa, ta kuma gayyato ma'aikacin haƙori sau ɗaya a zango ya nuna mana abin da za mu nema. Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a cikin 1983, ta kuma gaji harabar tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Gwamnati a nan Bosso, tana da sashen nazarin ƙananan halittu. Me zai hana mu roƙe su su nuna wa ɗalibanmu dauɗar haƙori a ƙarƙashin madubi? Ga kuma gwajin da kowane malamin ƙauye zai iya. A jiƙa ƙwai cikin ruwan lemon tsami kwana biyu, a jiƙa wani cikin ruwa zalla, a bar yara su taɓa ɓawon kowanne. Abin da ido ya gani ya fi abin da aka rubuta a allo zama a zuciya.

Mu kanmu fa, ba mu fita ba. Mai shan garin kwaki da sukari cokali biyar da tsakar dare, ya bi lafiyar gado bai wanke baki ba, da wane baki zai tsaya gaban aji ya yi wa yara faɗan alewa? Ƙwayoyin nan ba za su bar bakinmu ba, ba ma so su bari. Amma mu ke riƙe da makullin rumbun da su ke ci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya ke da ja a kan abin da na faɗa, fili yana nan, ya rubuto mu ji a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu lafiya, mu da yaran da aka ba mu amana. Haza wasalam.